Neman Miyar Umma a Potiskum

Asabar: Kano zuwa Azare

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gidanmu a Fagge, ƙullin kaya a ka, littattafai biyu a jaka. Lokacin ana kashe fam da sule, ni kuwa ina koyar da girki a wata makarantar 'yan mata. Baba ne dalilin tafiyar. Wata huɗu da rasuwar Umma, bai ci abin kirki ba. In an kai masa kwano sai ya buɗe, ya shinshina, ya mayar da murfi. Abu ɗaya yake ambato, burabusko da miyar yakuwa irin ta Umma. Sau shida na yi masa, sau shida kwanon ya dawo, ni da ake kira malamar girki. Tsoro ya kama ni, don rigunansa sun fara yi masa yawa. Sai na ɗaura niyyar zuwa Potiskum wurin yayar Umma, Inna Yagana, wadda ta koya mata tukunya.

Babbar mota na shiga mai bodin katako, sule goma sha biyar kuɗin gidan gaba. Ba mu tashi ba sai bakwai saura. A gadar Wudil 'yan sanda suka duba takardu, na sayi soyayyen kifi na sisi ta taga.

Daga nan na buɗe littafin farko. Na girke-girken Turawa ne, wata malamarmu ta bar mini da za ta koma ƙasarsu. Ban taɓa dafa ko rabin abin da ke ciki ba, karanta shi nake yi kamar tatsuniya. Akwai 'ya'yan itacen da ban taɓa gani ba, amma na san ɗanɗanonsu a raina, har ina da waɗanda ba na so. Mota tana jijjiga ni, gonakin gero suna wucewa, ni ina can wani ɗakin girki mai sanyi ina narkar da man shanu.

Direba ya ce, “Malama, wane karatu ne wannan mai sa haɗiyar yawu?”

Na ce, “Littafin abinci ne.”

Ya ce, “Allah Ya kyauta. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya ƙoshi da takarda ba.”

Muka isa Azare ƙarfe biyu. Aka yi salla, aka shayar da mota ruwa, direba ya tashi da malmala uku ta tuwon dawa yana kallona yana dariya.

Azare zuwa Potiskum

Wajen mil sittin ne, amma garken shanu masu nufar kasuwa sun tsare mu sau uku. Na fito da littafi na biyu, nawa na kaina, mai bangon makaranta, inda nake rubuta girkinmu na gida. Akwai ɗanwake, akwai fate, akwai kunun tsamiyar wata maƙwabciyarmu. Na Umma ne kawai babu, domin kullum cewa nake yi gobe, tana nan ai. Wannan ya tsaya mini a rai har muka shiga gari ƙarfe biyar da rabi.

Gidan Inna Yagana yana Bolewa, bayan wata tsamiya. Ta tarye ni da “Wushe, wushe,” sannun Barebari, ta riƙe fuskata ta daɗe tana kallo. Ɗakinta ƙamshin turaren wuta, muryarta kuwa ta Umma ce sak, har yadda Barbarci ke leƙowa cikin Hausarta.

Lahadi: Bolewa

Da hantsi muka shiga kasuwa. Yakuwa ta kwabo biyu, bandar kifi ta sule, gyaɗa da daddawa. Inna ba ta sayen abu sai ta shinshina shi, ta kushe shi, sannan ta biya.

Da muka hura wuta na zauna da fensir.

“Inna, gyaɗar cokali nawa?”

“Wa ya ƙirga? Hannu ya sani.”

Sai na riƙa tare hannunta da kofi kafin ya kai tukunya, in auna, in rubuta. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mai yi wa miya rajista ba. Amma na ji daɗin rubutun nan. Yadda tsakin gero ke kumbura, yadda tsamin yakuwa ke kwantawa in gyaɗa ta shiga, duk na sa a takarda, har na ji kamar Umma na bayana tana leƙe.

Aka sauke, na ɗanɗana. Miya ta yi daɗi iyakar daɗi, amma irin tawa ce, wadda Baba ya mayar sau shida. Na ajiye cokali, hawaye suka zubo.

Na ce, “Inna, ba ita ba ce.”

Sai ta fashe da dariya har tana share ido. “Au, ta Fanta kike nema? Ai uwarki ba ta taɓa iya miyar nan ba. Kullum sai ta kama.”

Ta ba ni labari. Sa'ad da Baba yake fataucin fata a Kasuwar Shanu, a nan unguwar suka fara zama. Daidai lokacin zuba gyaɗa yake dawowa. Umma na jin ƙararrawar kekensa sai ta saki ludayi ta tafi taryensa da kofin ruwa, su tsaya hira a zaure, gyaɗa ta kwanta a gindin tukunya ta yi ƙauri. Inna ta yi faɗa har ta gaji.

“Shi kuwa ubanki zai yi ta mitar miya ta kama, ya kuma share kwano.”

Na tuna ɗan ɗacin nan na ƙarshen loma. Shekara da shekaru ina cinsa, da na je makaranta aka koya mini cewa kuskure ne, na bi na gyara. Na ɗauki fensir na ƙara layi ɗaya: a zuba gyaɗa, a bar tukunya, a je a gaida mai gida.

Litinin: komawa

Muka tashi ƙarfe shida, da guzurin bandar kifi da yakuwa. Ban buɗe littafi ko ɗaya ba a hanya. La'asar sakaliya na sauka Kano, ban ko cire mayafi ba na hura wuta. Da na zuba gyaɗa hannuna ya ƙi sakin ludayi, sai da na yi da gaske. Na ɗebi ruwa a kofi na tafi ɗakin Baba, na zauna ina ba shi labarin shanun da suka tare mana hanya.

Can ƙaurin ya shigo. Baba ya ɗaga kai, ba ni ya kalla ba, ƙofa ya kalla, ya ce, “Ke, miyarki ta kama.”

Na je na zubo na ajiye a gabansa. Ya buɗe, ya shinshina, ya jingine murfin a gefe, ya ce in miƙo masa ruwan wanke hannu.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Inna Yagana. Umma kuwa, Allah Ya haskaka kabarinta.