Ranar da Aka Kare Kai Daga Mai Mita

Shekara ashirin da uku Mai Mita ya yi yana zagayawa bayan gidajen mutane. Aikinsa ke nan a hukumar ruwa: ya ɗaga murfin mitar ruwa, ya share laka da babban yatsa, ya rubuta lamba, ya wuce. Gajere ne mai sanƙo da sanyin murya. Ya san gidan da ake ɗaure kare, ya san wanda ake kifa baho a kan mita don kada a gani.

Sai kotu ta yanke hukuncin da ya raba gari biyu. Wani mai gyaran eriya ne ya yi kuskuren gida da rana tsaka, ya zagaya baya da tsaninsa, mai gidan ya harbe shi ta taga. Kotu ta sallami mai gidan, ta ce ya ji tsoro don ransa, kuma doka ta ba mutum damar kare kansa a gidansa. A rediyo, a motar haya, a layin asibiti, ba wani zance sai wannan. Wasu na cewa gidan mutum gidansa ne, wasu na tambayar wane ɓarawo ne ke zuwa da tsani da katin aiki a wuya.

Mai Mita bai shiga gardamar ba. Abin da ya dame shi, gida arba'in yake zagayawa a yini. Ya tafi wurin ƙanin matarsa, wanda akawun kotu ne.

"Yaya, ba kowane tsoro doka ke karɓa ba," in ji akawun. "Sai irin wanda mai hankali zai ji."

"To wa ke auna hankalin?"

"Alƙali."

"Kafin harbin ko bayansa?"

Akawun ya ce bari ya sha shayinsa kada ya huce.

A gida matarsa ta kwantar masa da hankali iyakar iyawarta. "Maigida, kai wa zai ji tsoronka? Ko jikokinka ba sa ji."

Duk da haka ya sayi usur, ya sa riga mai ƙyalli, ya ɗaura ƙararrawar keke a ɗamara. Tun daga bakin titi yake sallama, yana faɗin aikinsa da shekarunsa. Gida arba'in ya koma sha biyu.

Ran nan ya isa gidan wata tsohuwar malamar makaranta, mai nauyin ji, wadda ke kwana da tashi da rediyo a kunne. Ya busa usur, ya kaɗa ƙararrawa, shiru. Ya zagaya, ya durƙusa a kan mita. Malama ta fito shanya, ta ga wani abu mai ƙyalli a tsugune, ta sauke masa kaskon suya a tsakiyar sanƙo.

Da ya dawo hayyacinsa, ya tarar da maƙwabta sun taru a kansa, har sun rabu biyu. Tela ya ce Malama ta kare kanta. Mai chemis ya ce kasko ya yi yawa, ludayi ma ya isa. Aka daɗe ana yi kafin wani ya tuna ya kawo ruwa.

Malama ta ce, "Ɗana, ka yafe ni. Wallahi tsoro na ji."

Ya shafa ƙullutun, ya dubi kaskon, sannan ya tambaye ta, "Mama, kina da bindiga?"

"Ni? Ina zan same ta?"

"To na gode."

Ya ƙi kai ƙara, ko da yake akawun ya rantse zai yi nasara. Da kan ya warke, ya nemi gidan mai gyaran eriyan ya yi wa matarsa ta'aziyya. Bai san ta ba, kuma bai iya cewa komai ba sai dai shi ma aikinsa bayan gidaje ne. Ta gane.

Bayan wata biyu hukuma ta mayar da shi teburin ƙorafi, inda ya ƙarasa shekarunsa na aiki a bayan gilashi, mutane na zaginsa ta ƙaramar kafa. Ya ce bai taɓa samun kwanciyar hankali irin wannan ba.