Kofin Shayin da Mudi Ya Ƙi Karɓa

Mudi ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko hira kuke yi a ƙofar gidansu a unguwar Moursal, zai zauna, ya miƙe, ya je ya taɓa tayar babur ɗinsa, ya dawo, ƙafarsa ta dama tana kaɗawa kamar ta tela a kan keken ɗinki. Ɗan kilando ne, mai ɗaukar fasinja a babur. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Katsina da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Chari, suka zauna.

Ciwon kafaɗa ne ya haɗa shi da tramol. Wata bas ta goge shi a shataletale, mai ɗori ya ɗaure ƙashin, zogi ya ƙi tafiya, sai wani mai tallar magani a keke ya ba shi ƙwaya. Ƙashi ya warke, ƙwaya ta zauna. Ya yi shekaru a haka, har ranar da ya ɗauko 'yarsa Kausar daga lakwal, wato makaranta, jikinsa ya kama karkarwa a hanya, suka zube cikin kwata. Yarinyar ta tashi da ƙujewa a gwiwa kawai. Matarsa Kubura ba ta yi faɗa ba. Ta wanke ciwon, ta ce, "Baban Kausar, ba za ta sake hawa bayanka ba sai ka rabu da abin nan."

Ya daina sha, ya ajiye babur, sai barci ya gudu. In ya kwanta ƙafafunsa su yi ta tsami, ya juya, ya tashi, ya sha ruwa, ya koma. In ido ya rufe, tarin maƙwabci ma ya isa ya buɗe shi. Da ya gaji ya je wani ƙaramin asibiti, likitar ta yi masa bayani da Larabcin gari.

"A ƙwaƙwalwa akwai ɓangaren da ke tashin mutum, akwai mai kwantar da shi, suna karɓa-karɓa kamar masu gadi. Ƙwayar ta daɗe tana danne mai tashin, shi kuma ya yi ta ƙara ƙarfi don a ji shi. Yanzu an ɗage masa hannu, yana ta ihu. Zai lafa, amma a hankali. Da ka zo tun farko da mun rage maka kaɗan-kaɗan."

Da ƙarfi ya ɗan dawo, Mudi ya koma tasharsu ta unguwar Paris-Congo, ƙarƙashin dalbejiya. A nan butar shayi ɗaya ce, kofi ɗaya, yana zagayawa daga babba zuwa ƙarami, kuma ba a mayar da shi a cike sai in akwai gaba. Ya sha kamar kullum. A wannan makon ƙafar ta daina kaɗawa, ya yi barci har da minshari. Kubura ta yi murna, ta ce ranar Litinin zai iya kai Kausar lakwal.

Ranar Asabar ya iso tasha da wuri, ya tarar da Zubair, abokin aikinsa, yana murƙushe wani abu da gindin kofi yana kaɗewa cikin buta.

"Akhuy, ɗan'uwa, me kake zubawa?"

"Sukarin manya."

"Zubair, ka san na daina."

"Ka daina? Kai da kake lashe gindin kofi tun ran Talata? Dubi kumatunka, har ka yi kyau."

Ashe tun da aka fara laluben aljihun 'yan kilando a hanya, suka bar yawo da ƙwaya, suka koma zuba ta a buta. Ba wanda ya ga dalilin gaya masa. Kofi ya zagayo, dattijon tashar da kansa ya miƙa masa. Mudi ya daɗe yana kallon tururin. Ya san in ya sha zai yi barci, kuma Litinin jibi ce.

"Baba, a yi haƙuri," ya ce, ya ajiye kofin a kan benci.

"To, Malam Mudi, Allah ya ƙara tsarki," in ji dattijon. Ba wanda ya sake kallonsa.

Ya tuƙa babur ya dawo gida, ya gaya wa Kubura komai tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba sai da ya gama.

"Ba dai babur ba tukuna," ta ce. "Amma ƙafarka da ba ta son zama, ta kai Kausar lakwal."

Haka ake yi har yau. Tasha ta rufe masa, barci ya sake yin nisa. Tunda dai asuba tana samunsa ido biyu, sai ya koma ɗaukar wa mata kwandunan kifi daga bakin kogi a Sabangali zuwa kasuwa. Daga nan ya dawo, ya jingina babur, ya riƙe hannun Kausar su tafi lakwal a ƙafa, tana yi masa tsiya wai yana warin tarwaɗa. Yana komawa wurin likitar duk lokacin da ta ce ya zo.

Ranar da ya ba ni wannan labari, bayan azahar ne, muna kan tabarma a zaure. Yana cikin kwatanta min yadda ake ɗaure kwando kada ya zame, sai maganar ta tsinke, kansa ya jingina da bango. Kubura ta leƙo, ta ɗora yatsa a baki, ta ɗauke tiren da ke kusa da ƙafarsa. Ba a jima ba wani babur ya wuce a guje, ya zabura.

"Na yi barci?"

"Kaɗan," ta ce.

Ya shafa fuska, ya miƙe, ya je ya taɓa tayar babur.