'Yan Tsakin da Aka Hana Ta Ƙirgawa

Har yau idan na ga shirwa tana shawagi sai raina ya ɓaci, kuma ba da tsuntsuwar nake fushi ba.

Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, muna zaune a wani ƙauye kusa da Kiyawa, gida ɗaya da uwar mijina. 'Yata ta biyu tana firamare, lissafi ya zame mata dodo. Kullum sai ta dawo da shatin bulala a tafin hannu, wai kanta ba ya ja. Ni na san ƙarya ne, tsoro ne kawai ya cika mata ciki.

Da kazata ta yi ƙyanƙyasa sai na damƙa mata kula da 'yan tsakin. Safe da yamma tana watsa musu tsaba tana ƙirgawa. In wasu sun shige akurki sai in tambaye ta nawa suka rage a waje. Da farko sai ta sunkuyar da kai. Daga baya tun kafin in rufe baki ta ba ni amsa, har da dariyar tsiya. Shatin bulalar ma ya fara ɓacewa.

Ran nan shirwa ta sure ɗaya. Surukata ta fito tana tafa hannu, ta tsaya a kan yarinyar.

"Ba na faɗa ba? Ana ƙirga abu mai rai ne? Bakinki ne ya cinye shi!"

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Na ce, "Inna, yunwa ce ta kawo shirwa, ba ƙirge ba."

Ta ce, "Ai ke kika koya mata."

Da na kai wa mijina ƙara, cewa ya yi in bar zancen, Inna ce. Ɗan tsako ɗaya fa!

Washegari na miƙa wa yarinyar tsaba, na ce ta ƙirga mini 'yan tsakin. Ta dube su, ta toshe bakinta da hannu.

"Umma, in na ƙirga wani zai mutu."

Na lallashe ta, na rantse mata, na ƙirga da kaina da ƙarfi don a ji har ɗakin Inna. Ba ta sake buɗe baki a kan lamba ba, a gida ko a aji, bulala kuwa ta dawo.

Yanzu tana gidanta a Dutse da nata yaran. Kwanaki wata baƙuwa ta tambaye ta su nawa ne, ina zaune. Sai ta ce, "Suna nan dai, alhamdulillahi."