Rabin Aikin Direba

A unguwar ba wanda ke kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Mai Citta kowa ke cewa, har jikokinta. Shekara ashirin da 'yan kai ta yi tana matse citta da abarba da lemun tsami a ɗakin girkinta, ɗakin da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. Da tukunya biyu ta fara, da rariya ɗaya, da wani tsohon firji mai gurnani wanda sai an tokare ƙofarsa da bulo.

Mijinta ne ke kai kayan. Direba ake ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe sitiyari ba. Keke gare shi, baƙi, mai akwatin katako a baya. Kowace safiya zai jera kwalabe arba'in, ya bi ta bayan tasha, hanyar nan da ramukanta suka fi kwaltarta yawa, ya raba wa masu ƙananan shaguna da wurin aski da garejin kanikawa. Har ya sha kwana tana jiyo kwalaben suna kacau-kacau. In ya dawo yana sharce gumi, maganarsa ɗaya ce.

"Mai Citta, ki sani fa rabin aikin nan nawa ne."

"Rabin me? Kai da ko cittar ba ka iya kankarewa?"

"Za ki gane."

Sai ta jefe shi da tsumman hannu, ya kauce yana dariya. Haka suka yi ta yi har shekarar da ya kwanta ciwon kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Aka rataye keken a bangon tsakar gida, ta hana kowa taɓawa.

Autarta ce ta bar aikin ofis ta dawo taya ta. Auta kuwa ba ta san zama ba. Cikin shekara biyu ta kama hayar shago, ta sayo injin matsa, ta ɗauki mata huɗu ta sa musu farar riga da hula, ta samo takardar izini, ta yi yarjejeniya da mai motar ɗaukar kaya. Mai Citta ta yi mita har ta gaji, amma a ɓoye abin yana yi mata daɗi. Sai Auta ta ƙwallafa rai a kan babban kantin nan mai rassa tara, mai sanyi kamar cikin firji. Sau goma sha ɗaya ta je kafin mai zaɓen kayan kantin, wani siririn mutum da suke kira Mai Tabarau, ya ce to. Ya ba su kanta ɗaya, gwajin wata ɗaya. In kaya sun shiga, rassan tara nasu ne.

Mako guda aka yi ya kira su. Ya dire kwalba a tebur. Garin citta ya kwanta a gindinta kaurin yatsa biyu, sama kuma tsararo kamar ruwan ɗauraya.

"Mama, masu saye cewa suke ya lalace. Na ba ku kwana biyar. Ko dai abin nan ya ɓace, ko in ba wasu kantar."

Ran Mai Citta ya ɓaci matuƙa. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa ce wa kayanta ya lalace, sai yau wani yaron da bai wuce ɗan cikinta ba. Auta dai ta sayo ƙyallen tata mai laushi, aka tace sau uku, ruwa ya fito garau, gwanin kyau. Mai Citta ta kurɓa, ta ajiye kofin.

"Wannan ruwan sukari ne. Ba nawa ba ne."

"Mama, don Allah. Takalma biyu na kashe a hanyar kantin nan."

"Na sani, 'yar nan. Amma ba zan sa hannuna a kan wannan ba."

Kwana biyu suna gaisawa a taƙaice. Abin da ya tsaya wa Mai Citta a rai shi ne, me ya sa tsofaffin masu sayenta ba su taɓa kawo ƙorafi ba? A rana ta uku ta ɗauki jakarta ta tafi garejin kanikawa. Shugaban garejin ya tsufa, yana zaune kan taya yana ba da umarni da baki. Ta yi masa bayani, sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ai mu a zamanin Direba ba mu taɓa ganin komai a gindin kwalba ba. Tun da kuka koma mota ne muke girgizawa da kanmu."

"To da can me ya hana shi kwanciya?"

"Haba, Mai Citta! Ba ki san akwai kwalta sumul ta gaban tasha ba? Ta ma fi kusa. Kullum muna yi masa tsiya, mu ce bawan Allah, me ya haɗa ka da hanyar ramuka, za ka karya ƙugunka. Sai ya ce, ku bar ni, ina ƙarasa wa madam girki."

Ta nemi benci ta zauna. Shekara ashirin yana bin ramuka da gangan, yana dawowa yana dafe baya, ita tana shafa masa man zafi tana yi masa faɗan taurin kai. Kuma bai ɓoye mata ba, kullum sai ya faɗa, ita ce ta ɗauka tsokana ce. Nan cikin warin baƙin mai ta yi kukanta, tsohon ya juya yana yi wa wata mota faɗa don kada ta ji kunya.

Ranar ƙarshe ita ta shige gaba, Auta na biye. Ta damƙa wa Mai Tabarau kwalbar da ba a tace ba.

"Girgiza, ɗana."

"Mama, ai mun riga mun..."

"Girgiza, na ce. Kamar kana kan keke a hanyar banza."

Ya girgiza don dai a rabu lafiya. Ruwan ya juya ya koma launin zinariya. Ya kurɓa, cittar ta kama masa maƙogwaro, ya yi tari, ya cire tabaran ya goge ido, sannan ya shanye sauran.

"To amma Mama, kowane mai saye za ki bi ki ce masa ya girgiza?"

"Kwalbar za ta faɗa masa."

Auta ta kalli uwarta, nan take ta gane. Aka sake takardar jikin kwalba: hoton baƙin keke mai akwati a baya, ƙarƙashinsa kalma ɗaya da manyan haruffa, GIRGIZA. Mai Tabarau ya ƙara musu wata guda. Kafin watan ya ƙare sau uku aka cika kantar, har yara kan yi rigimar wanda zai girgiza.

Yanzu kayan suna rassa tara, injin ya zama uku, matan sun kai ashirin. Mai Citta ba ta matsa kuma, ɗanɗano kawai take yi da faɗa. Ranar da motar farko ta tashi zuwa rassan, ba ta tsaya ɗaukar hoto ba. Gida ta koma, ta ɗauki tsumman hannu, ta tsaya gaban keken tana goge masa sirdi.

"To, Direba," ta ce, "na gane. Rabin naka ne."