Ramar Manzo Ta Ci da Gari

Kun san Manzo mai amalanke, mijin Zara'u? Wanda yanzu in ya hau, jaki ke kuka tun ba a ɗora kaya ba? To wallahi shekarar farin nan, tamanin da huɗu, in ya juya gefe sai ka yi cigiyarshi.

Kuma ba yunwa ba ce. Manzo na cin tuwon mutum uku, ya shanye randa, ya fitsarar da ita bayan danga, tururuwa su yi biki. Amma duk ranar da motar soja ta zo ƙauyenmu na kusa da Maijirgi duba masu buƙatar dawar taimako, shi maigari ke turawa gaba, ba riga. Kumandan ya dubi haƙarƙarin nan, ya ƙara mana rabo.

Sai Zara'u ta ɓata mana sha'ani. Ta kai shi asibitin Tasawa, likita ya ce ciwon sukari ne, irin wanda jiki ke yaƙar kanshi, sai allurar insulin kullum. Ta riƙa binne kwalbar maganin cikin jiƙaƙƙen rairayi a gindin randa, don kar zafi ya lalata shi. Wata biyu, Manzo ya yi kumatu. Maigari ya daina amsa gaisuwarshi.

Ana nan ƙarfen amalanke ya yanke shi a ƙwauri, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Allura ta daina ci. Cikin sati guda Manzo ya sake ramewa, ya koma kamar kara. Dattawa suka zo dubiya, suna "Allah shi sawwaƙe" suna murmushi, don soja na tahe ranar Laraba.

Laraba da hantsi Zara'u ta ɗaura wa jaki amalanke, ta kwantar da mijinta.

Maigari ya tare hanya: "Haba 'yata, ki bari su gan shi, ko minti biyar!"

Ta ce, "Ranka shi daɗe, Baba, in kallo suke so, tuɓe musu taka rigar. Nawa mijin ba na talla ba ne."

Da suka isa asibiti, likita ya ce kumburin ne ya hana jiki karɓar allura, da ya ƙara kwana sai likkafani. Ya wanke ciwon, ya ƙara magani, Manzo ya tashi.

Mu kuwa Ladan ƙanen maigari muka tsayar gaban soja, aka ce ya haɗiye tumbinshi. Ya riƙe numfashi, har kumandan ya tambayi sunanshi. Yana buɗe baki tumbi ya faɗo. Kumandan ya ce ƙato irin wannan ya hau mota, ana neman mai sauke buhuna a ƙauyen gaba.