Mijinyawa Mai Kanwa da Saniyar Gado

Yayana Mijinyawa kanwa yake sayarwa a kasuwar Katako, kuma a wurinsa babu ciwon da kanwa ba ta warkarwa. Ciwon ciki, a jiƙa kanwa. Tari, kanwa. Na rantse da mutum zai karye a gabansa, sai ya lalubi aljihu kafin ya tuna da mai ɗori.

A shekarar fari, zamanin soji, lokacin da muke bin layi muna karɓar jar dawar taimako, garken babanmu ya ƙare kaf a daji. Da saniya ɗaya Mijinyawa ya iso Yamai, muka sa mata suna Saura. Ita ce gadonmu, ni Zinariya da shi. A gaskiya ya so ta. Yakan wuni da yunwa ya saya mata dusa.

Bayan ta haifi maraƙa sai ta fara fitsarin jini, tana nishi, tana shurin cikinta. Mijinyawa ya cika mata kwano da ruwan kanwa. Da na ga abin yana gaba, ni na je na ɗauko likitan dabbobi.

Likitan ya duba ta, ya ce wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Tana da 'yan gashi da take maƙalewa da su a bangon mafitsara kamar ƙarangiya a zane, shi ya sa fitsari ba ya wanke ta. In an bari, sai ta hau zuwa ƙoda. Ya ce kanwa ba ta kashe wannan ƙwayar, ƙara mata jin daɗin zama take yi. Allura kullum har magani ya ƙare, kuma a ɗauke kwanon nan.

"To, lokotoro," in ji Mijinyawa, har da rusunawa.

Likita na ba da baya Mijinyawa ya dube ni. "Mi ya sani? Baba da kanwa ya yi kiwo har ya tsufa."

"Yaya, don Allah ka ji magana!"

Ina! Hali zanen dutse. Da fitsarin ya ɗan washe, ya sallami likita, wai ana huda masa saniya a banza. Sannan ya ninka kanwar don ta murmure. Ran da na leƙa na ga kwanon ya yi fari fat, na yi faɗa har muryata ta dishe. Shi kuwa yana ta shafa mata wuya.

Ba a daɗe ba Saura ta kwanta, aka yanka ta kafin ta cika. Mahauci ya tsaga ƙodar a gabanmu, duk ruwan mugunya. Mijinyawa ya durƙusa yana shafa fatar Saura. Haushinsa nake ji, amma da na gan shi haka sai tausayi ya kama ni.

A ranar na ja maraƙar zuwa gidana a unguwar Saga, ban nemi izininsa ba. Tun daga nan, duk Juma'a bayan masallaci yakan tako ya zo ganinta, ni kuma in tare shi a ƙofa in caje aljihunsa kamar sojan kan hanya.

Zuwansa na farko na ciro dunƙulen kanwa guda daga cikin hularsa.

"Yaya! Ita ma kashe ta za ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗan kaɗan ne, Zinariya. In ban ba ta komi ba, da mi za ta san ni?"