Kwamfutar da Ta Rage a Kebbe

Har gobe ba zan manta da ranar da Malam Nasiru ya goya ni a babur muka tafi Kebbe saboda kwamfuta guda ɗaya tal ba. Ku da kuka kama aiki kwanan nan, da furfura da yawan shiru kawai kuka san shi. To bari ku ji abin da ya sa mu tsofaffin hannu ba ma haɗa shi da kowa.

Lokacin ina jami'i a sashen kwamfuta na kamfaninmu na gine-gine, reshen Tambuwal, Malam Nasiru kuwa, mutumin Jabo, shi ne shugaban sashe. Duk kwamfutocin kamfani, na kan tebur da na hannun injiniyoyi, a haɗe suke da wata babba da ke ɗakinmu. Daga nan muke sa manhaja, daga nan muke cirewa, ba sai mun bi mutum har mazauninsa ba. Sai hedkwata ta aiko da umarni a kan tsohuwar manhajar zane, wadda ake zana gini da kwalbati da ita. Masu ita sun daina kula da ita, ta zama kafar da ɓarayin intanet ke iya shigowa. An riga an sa wa kowa sabuwa tun da rani. Saura a cire tsohuwar kafin ƙarshen wata, a share har foldar da take zaune a ciki, kada a bar ko ɓurɓushi.

Aikin danna maɓalli ɗaya ne. Amma Malam Nasiru yana da wata ɗabi'a da ke ba mu haushi a lokacin. Ba ya cire wa kowa tsohuwa sai ya tsaya a kansa, ya ga ya buɗe zanensa a sabuwa da hannunsa. Haka muka bi ofishin Tambuwal ɗaki-ɗaki har muka gama, ya rage laftof ɗin Baba Umaru.

Baba Umaru dattijo ne mai zane. Ya fara aiki da fensir da rula a shekarun kuɗin mai, lokacin jihar tana sabuwa, kwamfuta kuwa da girmansa ya koye ta. A lokacin yana bayan Kebbe tare da ma'aikata, ana gina kwalbati a kan wani rafi da ke raba ƙauyuka da kasuwa duk damina. Ruwa ya fara sauka, ana ɗaurin rodi ana shirin zuba kankare, kuma duk ma'aunin aikin a laftof ɗinsa yake. Sabis a can ba ya iya ɗauko zane ya kawo mana ajiya. Amma umarnin gogewa ɗan mitsitsi ne, da ya samu sanda ɗaya ta sabis zai shige.

Na yi ta neman Baba a waya har na dace. Na ce, "Baba, za mu cire tsohuwar manhaja. Sabuwar tana yi maka aiki?"

Ya ce, "Ba komi, ɗana. Ku yi aikinku, Allah shi taimaka."

Na je da murnata na gaya wa Malam Nasiru cewa Baba ya amince. Ya ɗago ya dube ni. "Mi yac ce?"

"Ya ce ba komi."

"To ba mu ji komi ba ke nan. Dattijo irin Baba Umaru, ko gidanai na cin wuta ka tambaye shi, ba komi za shi ce maka."

Manajan reshenmu bai ji daɗin wannan ba. Ya shigo har ɗakinmu ya ce, "Nasiru, hedkwata na bisa wuyana. Kwamfuta guda ta hana a rufe aiki? Danna mu huta!"

Malam Nasiru ya miƙe tsaye cikin ladabi. "Ranka shi daɗe, abin da anka goge ba shi dawowa. Ka ba ni gobe. In sunka tambaya, ka ce ni nar riƙe ta."

Da safe muka kama hanya. Mota ba ta bin hanyar nan bayan ruwa, sai babur, shi ma rabi hawa rabi turi. Laka ta yi mana ado har gwiwa. Ban ɓoye muku ba, na yi ta tsine wa manhajar a zuci, da masu ita, da wanda ya ƙirƙiro kwalbati. Malam Nasiru kuwa ko tsaki bai yi ba.

Mun tarar da Baba Umaru a rumfa, matasan injiniyoyi kewaye da shi. Ni da a ce ni ne, nan take zan ce a kunna. Malam Nasiru kuwa ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi shuka, ya yaba ginin. Sai da aka yi Azahar, matasa suka watse wajen mai fura, sannan ya matso ya ce, "Baba, ɗan buɗe mani zanen kwalbatin ga in gani."

Baba ya kunna, ya shiga wannan folda, ya shiga waccan, yana ta nutsewa. Ina kallon inda ya dosa. Cikin foldar tsohuwar manhajar ya shiga, daidai wurin da aka ce a share. Zanen kwalbatin na nan, ga na shekarun baya jere a ƙasansa, kuma babu kwafinsu ko'ina.

Malam Nasiru ya tambaye shi a hankali, "Baba, mi yas sa nan kaka ajiya?"

Ya ce, "Yaran ga ne. Kowa shi zo da filash, wanga shi kwafi wa'azi, wanga ƙwallo, har sun taɓa share mani aiki. Shi yas sa nika ɓoye kayana inda ba mai leƙawa." Ya cire tabarau ya ce, "Sabuwar kuwa, Nasiru, ban taɓa buɗe ta ba. Kunya nika ji in ce ma yara ban iya ba."

Tausayi ya kama ni, tsoro kuma ya biyo baya. Da an danna maɓallin nan jiya, da masu ɗaurin rodi sun wayi gari babu ma'auni, rafi ya cika kafin a sake zane, dattijon nan kuma ya rasa aikin rayuwarsa a gaban yaran da yake jin kunya.

Malam Nasiru bai yi masa wa'azi ba. Ya ce, "Wurin ɓuya mai kyau ne, Baba, ni ma da ban gano shi ba." Muka kwashe komai muka ajiye a wuri biyu. Ya ja benci ya zauna kusa da shi, yana nuna masa inda kowane maɓalli ya koma a sabuwar, har Baba ya buɗe zanensa da kansa, ya auna bakin kwalbatin, ya fito daidai. Sannan ya tura masa laftof ɗin ya ce, "Kai za ka sallami tsohuwar, kun daɗe tare." Baba ya yi dariya, ya yi bisimilla, ya danna.

Da muka dawo, abin da Malam Nasiru ya gaya wa manaja kawai shi ne an cire, babu asara. Bai taɓa ba kowa labarin ba. Baba Umaru ne da bakinsa ya tona ranar walimar ritayarsa, shi ya sa nake da damar gaya muku.

Kwalbatin na nan har yau, masu jakuna da babura suna bi ta kai ranar kasuwa. Babbar kwamfutar ɗakinmu tana iya gaya muku abin da ke cikin kowace na'ura, amma ba ta san wanda ke jin kunya ba. Ni dai tun daga ranar, in na tambayi mutum ya ce mani ba komai, sai in ja kujera in zauna kusa da shi.